Kifin da Ya Fito Daga Bangon Kawuna

Wata rana, a farkon damina, na je ƙauye gaida Kawu Haladu, ƙanin mahaifiyata.

Na tarar da shi yana ta fara'a. Ya yi sabon ɗaki na tubalin ƙasa, ko yaɓe ba a yi ba tukuna. Wanda ya gina masa kuwa amininsa ne, Malam Mati magini. Shekara arba'in suna tare, kwano ɗaya suke cin tuwo.

Bayan la'asar sai hadari ya haɗo. Aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Muna tsaye a ƙofar ɗaki muna kallo, sai gindin bangon ya jiƙe, wani tubali ya ɓantare ya faɗo.

Sai ga wani abu ya sulalo daga ciki.

Baƙi, dogo, jikinsa duk yauƙi da laka. Yana da wasu siraran hannuwa kamar zare. Yana motsi, jama'a! Har da ɗan gurnani.

Ni da nake cika baki da boko, ni na fara kaiwa bakin zaure.

Mu mutanen tudu ne. Kifi sai a cikin miya muke ganinsa, shi ma a yanke. Babu wanda ya san ko mene ne wannan.

Kawu ya yi salati. Dama tun rani ƙafarsa ke ciwo, ga akuyarsa ta mutu ba dalili. Nan take ya haɗa wannan da wancan: asiri aka binne masa a bango.

To wa ya ɗora tubalin nan da hannunsa?

Mati.

Aka aika aka kira shi. Ya zo a jiƙe sharkaf, da cokalin gininsa a hannu, don ya zaci gyara ake nema. Ya tarar da gida cike da mutane, kowa na kallonsa ƙasa-ƙasa.

Kawu ya nuna masa abin, ya ce gobe su haɗu gaban mai unguwa, kuma daga yau kada ya sake taka masa ƙofar gida.

Ku da kuka san ƙauye kun san abin da wannan ke nufi. Maginin da aka ce yana binne asiri a bango, ko akurkin kaji ba wanda zai sake ba shi ya gina. Sana'arsa ta mutu, mutuncinsa ya zube.

Wallahi tausayin Malam Mati ya kama ni.

Ashe akwai wata tsohuwa mai tallar bandar kifi da ta fake wa ruwa a zaurenmu. Baƙuwa ce, har yau ban san sunanta ba. Ta ji hayaniya, ta kutso cikin mutane, ta duƙa ta leƙa.

Sai ta washe baki.

"Kai, masha Allah! Wa ya kamo wannan gaiwar? Ta sayarwa ce?"

Kawu ya ce, "Wace irin gaiwa, Inna? Daga cikin bangona fa ta fito!"

"Ina kuka ɗebo ƙasar ginin?"

"Fadama. Da rani, bayan ta ƙafe."

"To ai ku kuka rushe mata ɗaki, ɗan nan. Ba ita ta shigo naku ba."



Ta sa hannu ta ɗauki abin da ya kori ƙarti, ta wanke shi a ruwan indararo. Sai ga kifi sosai ya bayyana.

Ta ce haka gaiwa take. Idan ruwa ya fara janyewa, sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙinta har ya bushe kamar jaka. Ta bar 'yar kafar shan iska, ta yi ta barci sai ruwa ya dawo. Masu haƙar ƙasa suka haƙo ta tana barcinta, aka dunƙule ta cikin tubali. Yau da ta ji danshi, ta zaci fadamarta ce ta cika.

Daga baya na bincika a waya. Masana sun ce irin wannan kifin yana da huhu, iska yake shaƙa kamar ni da kai, kuma yakan yi watanni, wani lokaci har fiye da shekara, a cikin busasshiyar laka ba ci ba sha. Ikon Allah ke nan.

Ga abin kunyar: Kawu ne da kansa ya dage sai ƙasar fadama, wai ta fi danƙo. Shi ya sa aka yo ta a amalanke.

Mutane suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na ƙunshe dariya.

Kawu ya kasa ɗaga kai. Da ƙyar ya ce, "Mati, ka yafe mini."

Malam Mati ya dube shi. Sannan ya ce, a hankali:

"Haladu, kifin nan wata bakwai ya yi a bangonka kafin ruwa ya fito da shi. Ni shekara arba'in na yi a zuciyarka, amma ruwa ɗaya ya ishe ka ka fito da ni."

Ban taɓa ganin Kawu yana hawaye ba sai ran nan. Ni ma sai da na juya baya na goge nawa.

Malam Mati ya naɗe hannun rigarsa, ya durƙusa gaban ramin, ya fara cuɗa ƙasa.

"Tsaya nan kana kuka, bangon ya faɗo maka. Miƙo mini ruwa, tsohon banza."

Kawu ya ruga da ɗingishinsa ya ɗauko bokiti.

Darasi: Ba duk abin da ka kasa ganewa ne sharri ba. Duniyar Allah cike take da abubuwan da ba mu taɓa gani ba. Idan tsoro ya kama ka, tambaya za ka fara nema, ba wanda za ka ɗora wa laifi ba, don wanda ya fi kusa da kai shi zargin ke fara samu. Malam Mati ya yafe, amma ba kowa ke da zuciya irin tasa ba.

Idan akwai wanda ka taɓa zargi kafin ka bincika, tura masa wannan labarin. Sannan ka kira shi, kada ka tsaya a turawa kawai.