Layar da Ta Hana Baba Tafiya

Kaburbura biyu aka haƙa wa Baba a Zakka kafin ya yarda ya shiga na uku. Na farko ruwan sama ya cike shi. Na biyu wata tsohuwa daga unguwar maƙera ta riga shi shiga, abin ya ɓata masa rai ƙwarai, ya ce a garin nan ko rami ba a barin mutum da abinsa.

Baba ɗan baka ne tun yana saurayi. Ko mahara ne suka ɓullo ta daji daga Maradi, ko daga Katsina aka aiko a ba da mutane, shi ne kan gaba da kwarinsa. Abu biyu ya samo a yaƙi. Ƙafarsa ta hagu ta mutu tun ranar da kibiya mai dafi ta same shi a cinya, ko garwashi aka ɗora mata ba ya ji. Sai kuma layu, a damtse, a wuya, a hula, in yana tafiya sai ka ce jakin ɗan koli. A cikinsu akwai wadda wani malami a Karare ya yi masa, ya ce muddin tana jikinsa rai ba zai fita ba. Malamin ya daɗe da rasuwa, Baba kuma ya manta wacce ce.

Ni ce 'yarsa ta fari, na dawo gida bayan mijina ya rasu, ban haihu ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ban da shi ba ni da kowa, kuma ban ɓoye wa kaina haka ba.

Daminar da ciwo ya kwantar da shi, numfashi yakan ɗauke, mata su sa kuka, a ruga kiran liman, sai ya buɗe ido ya tambayi wa ke masa ihu a ka. 'Yan uwanmu na Runka sun tako da ƙafa gaisuwar mutuwa, suka tarar da mamacin a jingine. Da yake sun riga sun zo, suka yi masa ta'aziyya, ya amsa, suka ci tuwon da na tuƙa suka koma.

Da ya gaji, ya kira ƙanensa, Baffa, ya ce a cire layun. Liman ya ce ajali ba ya tsoron fata da zare, amma a cire ɗin ya fi. Baba ya ce ɗaya-ɗaya za a yi, yana son ya san wadda ta riƙe shi. Kullum da hantsi Baffa zai yanke guda, Baba ya juya gabas, ya yi kalmar shahada, ya rufe ido. Mu zuba masa ido. Can ƙuda ya sauka masa a hanci.

"Ba ita ba ce," in ji shi. "A kawo mani kunu."

Ni kuwa na san ta. Inna ta nuna mini kafin ta rasu: ƙarama ce, mai jar fata, a damtsen hagu. Rannan da rana tsaka yana barci na kwance ta. Ban bari ta rabu da jikinsa ko kaɗan ba, na danne ta da yatsa na gangaro da ita ta haƙarƙari, ta cinya, har ƙasan gwiwar matacciyar ƙafar. Na ɗaure, na rufe da tsumman da ake naɗe ƙafar da shi.

Layu suka ƙare, suka cika ƙwarya, Baba na nan da ransa yana faɗa. Ya ce aikin mutanen Maradi ne. Baffa ya ce wataƙila haɗiye ta ya yi a wajen yaƙi, aka ba shi jiƙon tsamiya har ya rantse ba zai ƙara sha ba. Wani ya ce a yaye jinkar ɗaki rai ya sami hanya. Aka yaye, ruwa ya sauko ya jiƙe mu duka.

Wata safiya ina canja masa tsumma, ina kare wurin da hannu kamar kullum, ya ce, "Uwata."

"Na'am, Baba."

"Ƙafar ga ba ta ji, amma ido bai mutu ba. Kwance mani."

Na ce ban san abin da yake nufi ba. Ya ce ya gaji, ƙasusuwansa duk ciwo, abokansa duk sun tafi sun bar shi da yara masu yaye masa ɗaki.

"In na kwance, wa ka bar mani?" na ce. Na ƙara tsuke ɗaurin, na tashi na fita da fushina.

Bai tona mini asiri ba. Ko Baffa bai gaya wa ba. Washegari da hantsi ina daka a tsakar gida, ya cika, ba wanda ya yi kuka da wuri don kowa na jiran ya nemi kunu.

Bayan an yi masa wanka Baffa ya fito ya sa mini jar layar a tafin hannu. Na dube ta, haushi ya kama ni kafin hawaye. A kan wannan ƙullin fatar Baba ya yi ta shiga ruwan kibau yana dariya, ga shi ta kasa riƙe mini shi ko zuwa kaka. Da malamin Karare yana da rai da na taka har ƙofar gidansa.

Mutane har yanzu suna ba da labarin tsohon da ya amsa ta'aziyyarsa da bakinsa, nakan taya su dariya. Amma tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya roƙi kowa komai ba sai ni, sau ɗaya, na hana shi. Kwana ɗaya tak hanawar ta ƙara mini, shi ma ban shiga ɗakin ba don ina fushi.