A'ar da Na Ce wa Kyaftin

Shekarata talatin da ɗaya a lokacin, shida daga ciki na yi su ina cin abinci da wasan kurket a Dubai. A takarda ni ma'aikacin sito ne a wani kamfanin jigilar kaya da ke Al Qusais, amma kowa ya san don jifan ƙwallo aka ɗauke ni. Kamfanin yana da ƙungiyar wasa, ita ta yi mini biza. Duk ranar da aka cire ni daga ƙungiya, bizata ta mutu ke nan.

Ga wanda bai san wasan ba: mai jifa yana neman kayar da sanduna uku da ke bayan mai duka. Masu duka biyu ne a fili. In ɗaya ya doki ƙwallo sai su yi musayar wuri da gudu, a rubuta musu maki. In ƙwallo ta riga ka isa sanduna, ka fita. Shi ya sa ba a rugawa sai an yi kira, eh ko a'a.

Kyaftin ɗinmu mutumin Pakistan ne, gwanin duka, ga son girma kamar hakimin ƙauye. A yarensu "han" shi ne eh, ta hanci suke jan ta.

A wasan ƙarshe na kofin kamfanoni, saura maki huɗu mu ci, daga ni sai shi muka rage. Na doki ƙwallo ta gangara a ƙasa kai tsaye zuwa hannun abokin hamayya. Shekara shida da Turanci nake kira, amma ranar bakina ya koma gida. Na kurma ihu, "A'a!" Shi kuwa ya ji "han". Ya taho a guje, aka kayar da sandunansa, kofi ya tafi.

A gaban kowa ya fizge hular kwanona ya yi jifa da ita a rairayi.

"Kai ka ce in zo!"

"Wallahi kyaftin a'a na ce. Da yarenmu ke nan kar ka zo."

"Yarenku? Su waye ku a kurket? Ka tsufa, hannu ya tafi, kai ma ya tafi. Khalas, an gama!"

Bayan sati biyu aka soke bizata. Na ji zafin korar, amma "su waye ku" ɗin nan ita ta fi ci mini rai.

Wani Alhaji ɗan Kano mai saro kaya a Murshid Bazaar ya rufa mini asiri, ya yi mini sabuwar biza, na koma ɗaurin katan. 'Yan uwana Kanawa suka samu abin tsokana. In na shigo sai ka ji, "Ga ɗan jifa nan, a kauda kwalabe!" Kullum bayan asuba ina zuwa wani fili in kafa sanduna uku in yi ta jifa har rana ta yi zafi. Ta tsakiyar na sa mata suna kyaftin.

Alhaji ya ce, "Malam, ka bar wa Allah mana."

Na ce, "Na bar masa, Alhaji, amma ina so a yi a gabana."

Na san lagon mutumin nan. Yana ɗaga katakon dukansa sama sosai, ƙwallon da ta sauka a yatsun ƙafarsa ba ya iya tare ta. Shekara shida ina ɗaga masa ƙafa a atisaye, don kar in kunyata babba a gaban yaransa.

Sai da shekara ta zagayo wani kamfani ya ɗauke ni a ƙungiyarsa. Wata Juma'a bayan an sakko daga masallaci muka haɗu da tsohuwar ƙungiyata. Da ya shigo duka na je na roƙi sabon kyaftin ɗina ya ba ni ƙwallo. Ta farko na aika masa a haƙarƙari. Ta biyu ma haka, har ya dafe wurin. Ta uku na sauke ta a yatsunsa da duk ƙarfin da gwiwoyina suka rage da shi. Sandar tsakiya ta tuge ta yi adungure a rairayi. Ban yi ihu ba, tsayawa na yi ina kallonsa har ya fita daga fili. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Bayan wasa ya nufo ni, mutanensa na biye.

"Habibi, ashe hannun yana nan. Abin da ya wuce ya wuce. Ka yafe?"

Shekara guda ina jiran wannan tambayar. Na dube shi ido cikin ido, na buɗe baki sosai na ce, "A'a."

Fuskarsa ta washe. "Han! Alhamdulillah!" Ya rungume ni ƙam, mutanensa suka hau tafi, har da mai ɗaukar hoto.

Hoton yana nan a jakata, shi yana dariya, ni bakina a buɗe. Har yau in ana bikin salla sai ya turo mini gaisuwa, yana ce mini ɗan'uwa. Ni kuwa ban yafe ba.