Fiyus ɗin da ya rage a aljihun Baba Tsaya-tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa da ƙawayen arziki. Masu tsokanata cewa kwana biyu shiru, ko maigida ne ya ƙwace wayar, to ba a ƙwace ba. Akwai dai wani abu a jakata yanzu haka da ko za ku yini kuna canka ba za ku gano ba, kuma shi ya hana ni sukuni.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talatar da ta wuce da hantsi Allah Ya karɓi ran mai gyaran wutar gidanmu, dattijon nan da duk layinmu ke kira Baba Tsaya-tukuna, bayan 'yar gajeruwar rashin lafiya. Tun ranar na kasa zama waje ɗaya. In buɗe waya in rufe, in shiga kicin in manta abin da ya kai ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko zuciyata ta ɗan lafa.

Baba, ranar da ka fara zuwa gidanmu firji ne yake jan mutane. Wani ne ya yi mana aikin wutar da araha, ya tafi ya bar mu muna buɗe firji da tsumma. Kana shigowa na ce ga soket ɗin can. Ka ce, "Tsaya tukuna." Ka ciro takardar shaidar koyon aikinka da ta sha ninki ka miƙa wa maigida, ka lissafa masa gidajen da ka yi wa aiki a unguwar, ka ce ya je ya tambaya kafin ka taɓa komai. Ni a raina na ce wannan tsoho da iyayi yake. Maigida ya je ya tambaya. Da ya dawo bai ƙara kiran wani ba.

Kai ne ka sa mini suna 'Yar Waya, don kullum ka zo sai ka same ni a jikin bango ina latse-latse tana caji. Ranar da ka ga caja a ƙarƙashin matashin kaina faɗa ka yi mini sosai kamar ubana, har na ji haushi. Washegari sai ga ka da sabon soket, ka kafa mini a gefen madubi, nesa da katifa. Ka ce in ina son hirar in miƙe tsaye, ko ƙiba ta ragu.

Kai ne ka lura Mama, mahaifiyar maigida, tana kunna fitilar ɗakinta da bakin sanda saboda kafaɗarta ba ta ɗaguwa. Mu da muke kwana gida ɗaya da ita ba mu lura ba. Ka sauko mata da makunnin daidai hannunta, ba wanda ya sa ka. Har yau in ta tuna sai ta yi maka addu'a.

Amma abin da kowa ya san ka da shi shi ne fiyus. Ga waɗanda ba su sani ba, wani ɗan abu ne a akwatin wuta kusa da mita, in an zare shi wuta ta yanke. Baba ba ya yarda da "ai na kashe". Da hannunsa zai zare, ya jefa a aljihun gaban rigarsa, ya dafa aljihun, sannan ya taka tsani. Na taɓa ce masa, "Baba, sace maka za mu yi ne?" Ya nuna mini wani tabo a tafin hannunsa. Ya ce yana saurayi yana cikin silin wani gida, matar gidan ta mayar da wuta don ta yi guga. Ba mugunta ba ce, mantawa ta yi akwai mutum a sama. Tun daga ranar wutar gida a aljihunsa take zama sai ya sauko.

Satin da ya wuce ɗakin Mama ya fara warin ƙonanniyar roba. Ka zo ka hau, ka sauko da yanar gizo a hularka, ka ce ɓeraye sun cinye rigar wayoyin, ƙarfe tsirara ne kwance a kan katako. Ka zare fiyus na ɓangaren baya, ka ce gobe za ka dawo da sabuwar waya. Ka sa a aljihu ka tafi.

Gobe ta yi ba ka zo ba. Na yi ta kira, har na shirya tsiyar da zan yi maka. Da aka ɗauka muryar 'yarka na ji, ta ce kana kwance ba lafiya.

Da muka je gaisuwa, matarka ta ja ni gefe ta damƙa mini wani abu a ƙulle a leda. Ta ce a aljihun rigarka ta gani, kuma kana kwance ka ce mata, "Na gidan 'Yar Waya ne. A ce kar su mayar sai an canza wayar." Jama'a, mutum yana fama da kansa yana tuna silin ɗin wasu. Nan na zauna a tabarma na yi kukan da ban yi ba tun da aka faɗa mini.

To ga inda nake. Ɗakin Mama duhu, ba fanka, ga zafin nan. Ta dawo falo da kwana, ƙafafunta suna kumbura a kan kujera. Maigida ya damu, kuma ban ga laifinsa ba, uwarsa ce. Maƙwabcinmu ya ce a lanƙwasa 'yar waya a cusa a gurbin fiyus ɗin, kowa haka yake yi. Na ce a'a. Shekaranjiya maigida ya kawo wani mai gyara, da jakarsa mai kyau. Bai leƙa silin ba, bai tambayi me aka gani ba.

Ya ce, "Hajiya, kawo fiyus ɗin mu sa, inda ya yi tartsatsi nan ne matsalar."

Na riƙe jakata na ce ba ya kusa.

Bayan ya tafi maigida ya ce, "Ke yanzu sai kin samo mai kama da shi sak? Mama fa?"

Mama daga kan kujera ta ce, "Ƙyale ta. Ni ce mai kwana a ƙarƙashin katakon, ba kai ba."

Ta goya mini baya, amma ina ganin yadda take fifita da murfin kwali tana juyi, sai in ji kamar ni na hana ta ɗakinta. In na wuce akwatin nan na ga gurbin a buɗe sai in tsaya in sake duba shi. Ina tsoron ranar da zan fita unguwa wani ya gaji ya cusa waya.

Baba, Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ka tsare gidajen mutane, Allah Ya tsare naka bayanka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka da jikokinka, da duk gidan da ka taɓa jingina tsaninka. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Ku kuma 'yan uwa, don Allah ku taimaka mini. Waye yake muku aikin wuta, kuma ya kuka yi kuka gane na ƙwarai ne? Wadda ta taɓa ƙonewa da na banza ita ma ta faɗa mana, mu kiyaye. Ku turo mini wanda kuka yarda da shi, Mama tana jira. Zan tambayi takardarsa, zan tambayi gidajen da ya yi wa aiki, sannan in miƙa masa fiyus ɗin in yi shiru. In ya nufi akwati da shi, ya sha ruwa ya kama hanya. In ya sa a aljihu, zan riƙe masa tsani da kaina.