Ma'aunin Gwaggo

Gwaggona tela ce, kuma ban taɓa ganin tef ɗin awo a hannunta ba. Jikinta ne ma'auninta. Idan kika kawo ɗinki sai ta jera kafaɗa da ke, ta ce, "Ke a haɓata kika tsaya." Shi ke nan, kin shiga kanta. Malamar makaranta a kunne take, matar direba a hanci. Yadi kawai suke aikowa, ta ɗaga shi jikinta, ta sa almakashi.

Wata safiya ta sunkuya ɗaukar bokiti, ta kasa miƙewa. Likita ya ce ƙashin bayanta ya rarake da tsufa, wasu gaɓoɓin sun rufta. Aka yi mata aiki, aka cike su da wani abu kamar siminti. Ciwo ya lafa, aka ce ta warke, ta koma kan kekenta.

Sai kaya suka fara dawowa. Rigar matar direba ta tsaya a ƙauri. Gwaggo ta ce yadin zamani ne, yana ganin ruwa yake tsukewa. Ta biyu ta dawo, ta ce idonta ne, muka sayo tabarau. Ni kuwa da ɗan banzan bakina har gida na bi matar direba, na ce, "Haba baiwar Allah, mai jikoki ce za ta ƙara tsawo?" Mun daina gaisawa. Masu kawo ɗinki suka ja baya, Gwaggo ta fara tsoron ko kanta ne ya taɓu.

Ranar da Malama ta kawo tata rigar, Gwaggo ta fusata.

"Zo ki tsaya nan, Malama, a yi ta ta ƙare!"

Suka jera. Gwaggo ta waiga, ta ga kafaɗa a inda ta saba ganin fuska. Sai da ta ɗaga kai.

"Cire takalmin."

"Gwaggo, ai a ƙofa na bar shi."

Wallahi tausayi ya kama ni, na rasa inda zan sa idona. Gwaggo ta dube ni.

"Ke, ba cewa suka yi na warke ba? To ina saurana?"

Na ce a kira kowa ta sake auna su.

"In na auna su bana, baɗi fa? Wa ya ce na gama raguwa?"

Ta zauna, ta ce in sayo mata tef, in kuma zo in nuna mata ta inda ake fara karanta shi.