Mangwarona da Ruwan Alwala

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare ta wajen Gwallameji, kullum in taso daga Ƙofar Dumi a kan tsohon babur ɗina. Babu abin da ban faɗa wa yaran nan ba a kan kwararowar hamada da amfanin itatuwa. Na zana a allo, na yi faɗa har muryata ta dishe. Su rubuta, su ci jarrabawa, su fito su yar da ledar ruwa a bakin aji.

A bayan ajujuwa na dasa 'yan mangwaro da hannuna, dashen da na ɗauko daga gonar ƙanena a Zungur. Su ne abin alfaharina a makarantar. Sai dai famfonmu yana da nisa, duk bazara sai na ɗaga bulala kafin a ba su ruwa. Daga baya ma aka hana dukan ɗalibai, na rasa yadda zan yi.

Ana nan aka turo mana sabon malamin addini. Wallahi na haife shi. Ga sanyin murya, ga gaisuwa har ƙasa: “Baba, an tashi lafiya?” Bai daɗe da zuwa ba ya dasa darbejiya a gefen masallacin makaranta. Darbejiya fa! Abin da ko ba ka shuka ba zai fito don kansa. A aji ya kawo wa yara hadisin nan mai nuna cewa wanda ya yi dashe, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi. Ya ce kuma addini ba ya son ɓarnar ruwa ko a alwala, don haka kowa ya tsuguna da butarsa a gindin dashe, ruwan ya yi aiki biyu. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ikon Allah! Azahar na yi sai ka ga yara suna rige-rigen gindin darbejiya. Har ɗalibanmu Kiristoci can suke zuwa wanke hannu in sun ci abinci. Ni kuwa ina tsaye a baranda, raina yana ƙuna. Kishi nake, kishi tsagwaronsa. Hadisin nan tun ina yaro na ji shi a zauren malamin unguwarmu, kafin a haifi wannan bawan Allah. Ban taɓa kai shi aji ba don ba ya cikin darasina.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Darbejiyarsa sai sheƙi take, nawa mangwaron ganyensa ya fara naɗewa, wasu suka bushe ƙamas. Na ga in na ci gaba da taurin kai, sauran ma tafiya za su yi. Na daure na same shi a ofishin malamai.

Na ce, “Malam, ladan nan na darbejiya ne kaɗai, ko mangwaro ma yana ciki?”

Ya miƙe tsaye ya ce, “Haba Baba, ai mangwaro ya fi, shi da ake sha. Me ya hana ka magana tuntuni?”

Wannan kirkin nasa shi ya fi komai cin raina. Da girman kai ya yi mini, da na sami abin kamawa. Washegari kuwa rabin makaranta suka kwashi butoci zuwa bayan ajujuwa, ba bulala ba tsawa. Sauran mangwaron suka farfaɗo, suka girma har suka yi inuwa.

Bana suka yi 'ya'yan fari. Ina wucewa na hangi ɗaya ya nuna jawur, na miƙa hannu zan tsinka. Sai shugabar ɗalibai ta taho da sauri, ta russuna.

Ta ce, “Yi haƙuri Baba, mangwaron Malam ne. Sai an tambaye shi tukuna.”

Na sauke hannuna, na ce mata to, in ta gan shi ta tambayar mini.