Yumɓun Inna a Bakin Inji

Shekarar da na je wankan jego gida ita ce shekarar da Yayanmu ya canza wa akori-kurar marigayi Baba inji. Ni dai an ce in zauna a ɗaki, in sha kunun kanwa, in yi ƙiba. Ina! Motar tana nan ƙarƙashin ɗorawa a bayan dangarmu, ana ta ƙwanƙwasa ƙarfe tun safe, ni kuwa Allah Ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf. Sai na buɗa kara biyu a jikin danga, na ajiye kujera 'yar tsugunno a gurin.

Da motar nan Baba ya yi rayuwarsa yana ɗebo wa manoman garinmu taki daga birni, don gonakinmu manne suke da juna, ba a hutar da su. Da injin ya gaji, Yaya, wanda ya koyi kanikanci, ya sayo wani na hannu, ɗan Kwatano, da ya fi tsohon girma. Ya kuma faɗa a gaban kowa: in motar ta tashi kafin ruwan shuka zai zauna ya riƙe aikin taki, in ta ƙi zai tafi kudu, ba ranar dawowa.

Inna ta ji. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko tuwo ne sai ta ce da ni, "Miƙa wa wancan." Amma ni na san ba ta son tafiyar nan ko kaɗan. Maginiyar tukwane ce, kuma duk lokacin da ƙarar ƙarfe ta ɗauke a bayan danga, sai in ga hannunta ya tsaya cak a kan tukunyar da take ginawa.

Injin ya zauna daram a cikin motar, abu ɗaya ne ya gagara. Akwai wani ƙarfe mai rassa huɗu da Yaya yake kira manifol, shi ne yake raba wa inji iska da fetur. Na sabon injin da wayoyi yake aiki, ba a kuma haɗo da su ba, dole sai an ɗaura tsohon mai kafireta. To bakunan tsohon da ramukan sabon injin ba su yi daidai ba. In ya saita biyu, biyu su kauce.

"Yaya, ka matse shi da ƙarfi mana," na ce ta kafar danga.

"Ke mai jego, koma ɗaki! Murfin kwano ne?"

Bai kore ni da gaske ba. Ya ɗaura shi a haka ya tayar, inji ya yi ta haki yana mutuwa. Sai ya tsinci gashin zabo a ƙasa, ya kara shi a mahaɗar, na ga gashin ya manne. "Kin gani? Iska take sha ta gefe." Wallahi abin ya burge ni har na manta jariri yana kuka.

Maganin, in ji shi, faranti ne mai kauri da zai shiga tsakani, fuska ɗaya ta dace da inji, ɗayar ta dace da manifol. Masu zubin tukwanen alminiyon a Zakirai za su zuba masa, in ya kai musu samfuri. Ya gwada yanka kwali ya lanƙwashe, ya gwada katako ya tsage.

Na ba Inna labari. Ta daɗe tana murza yumɓu, sannan ta mulmula wani curi ta faɗaɗa shi kamar waina. "Ki ce da wancan ya danna wannan a bakin abin." Na miƙa ta saman danga. Ya danna a jikin inji, ya juya ya danna manifol, ya dawo da shi. Inna ta zauna da tsinke tana huda ramukan, tana karkata kowanne har ya haɗu da ɗan'uwansa na ɗaya fuskar. Aka shanya a inuwa, ya bushe, Yaya ya tafi Zakirai da shi a naɗe cikin zani.

Faranti ya dawo yana sheƙi. Aka kara, ya ƙi. Ramukan gefe sun matso ciki da kamar kaurin farce. Yaya ya yi jifa da sifana, ya ce shi kam ya gaji, gobe zai nemi masu sayen ƙarfe. A ranar kuma hadari ya fara leƙowa ta gabas.

Da na faɗa wa Inna sai ta riƙe haɓa. "Au! Wai ɗan wannan ma laifi ne a gurinsu? Ai yumɓu yana tsukewa in ya bushe. Ni na ɗauka ƙarfe yana da haƙuri." Ta ce in mace ta kawo mata tsohuwar tukunya tana son murfi, ba ta gina shi daidai baki, sai ta ƙara masa, in ya sha iska ya dawo daidai. "Ki ce da shi ya ba ni kwana kaɗan. Kar ya kira kowa."

Na faɗa masa. Ya tsaya yana kallon danga, kamar zai hango ta ta cikin kara.

Wannan karon da tsinken tsintsiya aka auna nisan ramukan, ni ce mai kai da kawowa. Ta ƙara wa kowanne abin da idonta ya ba ta. Da faranti na biyu ya dawo, Yaya ya goge fuskarsa a kan gilashi da takardar yashi, ya yanka gasket, wato shimfiɗar da take toshe mahaɗa, ya ɗaure notuna. Ya tayar. Ya kara gashin zabo, gashin ya faɗi ƙasa abinsa. Na rangaɗa guɗa, Inna ta ce in rufe mata baki, amma ranar har da man shanu a miyarmu.

Ya kawo wa manoman garin takinsu kaf kafin shuka. Motar ta zama abin kallo, tana cin rairayi da cikakken lodi ba ta ko nishi. Abin da ya jawo ke nan. Wani Alhaji mai fataucin albasa ya gan ta ranar kasuwa, ya ce motar da take da wannan ƙarfi ba ta taki ba ce, ta doguwar hanya ce. Kafin a girbe gero Yaya ya amsa masa zai riƙa kai masa albasa kudu.

Safiyar tafiyar ya shigo ya durƙusa daga nesa. Inna tana zaune a gaban yumɓunta, ba ta ɗago ba. Raina ya ɓaci, na ce, "Inna, ki yi magana mana! Ke fa kika tayar da motar nan."

"Da na sani da na bar ta tana shan iskarta," ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. Sannan ta ɗaga murya. "Ki ce da wancan Allah Ya kiyaye hanya."

Yana nan durƙushe, taku kaɗan tsakaninsu, ya ji da kunnensa. Amma na juya na faɗa masa.