Na Ɗauka Basir Ne

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Masu tambayar atamfa da leshi, ku yafe ni, jinya na yi.

Da ɗan jini abin ya fara, in na zaga bayan gida. Na ce basir ne. Ko Baban Falmata, mijina na shekara ashirin da shida, kunya ta hana ni gaya masa. Na yi ta shan jiƙo a ɓoye, ina ta ramewa.

Ranar da na tashi daga Fagge na je Sabon Gari sarin kaya, ƙawata Maman Chidi ta dube ni, ta ajiye almakashi.

"Maman Falmata, wannan ramar ba ta azumi ba ce. Gaya min gaskiya."

Na gaya mata, kaina a sunkuye. Ta rufe shago da rana tsaka, ta tare mana adaidaita sai asibiti.

Likita ta ce sai an leƙa hanji da kyamara, ta wata siririyar roba da ake zurawa ta dubura. Na ce ina! Ta ce, "Hajiya, ni ma 'ya mace ce. Za mu rufe ki."

Jajibirin gwajin ba abinci, sai ruwa da maganin wankin ciki. Baban Falmata ya ji komai, bai yi faɗa ba. Ya ture kwanonsa ya ce, "In ba ki ci ba, ni ma na ƙoshi."

An yi min allura, na ɗan gyangyaɗa, aka gama. Sun ga tsiro kamar ƙwayar gyaɗa, suka gutsura don bincike. Kwana goma muna jira, sannan muka koma wurin likita ni da Baban Falmata.

"Kansa ce, wato ciwon daji. Amma kin zo da wuri, ba ta bazu ba."

Maganar farko kaɗai na ji. Shi ya riƙe ta biyun, yana ta maimaita min har gida.

An yanke ɗan guntun hanjin. Kuɗi kam an kashe, har sarƙata ta gwal ta tafi. Maman Chidi takan biyo daga coci da farfesu, ta zauna sai na shanye.

Allah Ya saka wa duk wanda ya yi min addu'a.

'Yan'uwa, ba kowane jini ne basir ba. In kun ga jini, ko bayan gida ya sauya, ko rama ba dalili, ku ga likita, ku tambayi gwajin nan.

Jiya na ci tuwo da miyar kuka, har na nemi ƙari. Alhamdulillahi.